Mama Tana Roƙon Hadari

Olszanka, watan Mayu

Bogdan,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da Ewa da yara. Tunda ka toshe lambata tun rabon gonar Baba, dole na koma biro da takarda, ni da ƙanena, alhali shinge ɗaya ne tsakanin gidajenmu.

Maganar Mama ce. Ka san injin iskar da asibiti ya ba ta, wanda take numfashi da shi. Da safe lafiya lau yake aiki. Amma da rana ta take, farantan sola suka fara tura wuta kan layi, sai wutar gidana ta hau. Injin ya yi ƙara, ya ɗauke. Jiya na same ta riƙe da ƙarfen gado, leɓɓanta sun yi shuɗi, tana so ta kira ni ta kasa.

Na san dalili, kada ka raina mini hankali. Inbata, na'urar da ke tura wutar sola kan layi, in ta kirki ce, da wuta ta yi yawa a layi kashe kanta take yi. Taka ba ta mutuwa. Zenek mai gyaran wuta ya murɗa maka ita don ta yi ta cusa wa kamfani wuta suna biyan ka. Mu biyu ne a ƙarshen layi, duk abin da ka cusa a ɗakin Mama yake sauka.

Ka kira shi ya mayar da ita yadda take. Ba don ni ba.

Yayarka,
Danuta

*

Yaya Danuta, uwar masu gaskiya,

Gaisuwa. Na ga takardarki, har Ewa na karanta wa, muka sha dariya.

E, Zenek ya murɗa tawa. Amma kin san Zenek, kofi biyu na giya ya ishe shi ya amayar da cikinsa. Shi ya ce mini tun bara ya murɗa taki, har kika sallame shi da kwalbar tsimin kokwamba. To wa ya fara? Shekara guda tawa tana mutuwa kullum da rana, ina duba waya ina ganin ba na sayar da komai, ashe ke ce kike danne ni ta bayan shinge. Yanzu da na rama sai kika tuna da Mama!

Wutar da ke kashe injin nan rabinta daga rufin ɗakinki take fitowa, daidai saman kan Mama. Kashe taki mana. Makunnin yana bayan ƙofar kicin ɗinki, ko tsallake titi ba sai kin yi ba.

In kin ƙi, sayi sitabilaiza. Ai fanshon Mama a hannunki yake sauka, da gidan, da gonar bakin rafi. Wanda ya kwashe kayan, shi zai ɗauki tsohuwar.

Ki gaishe ta.

Ƙaninki,
Bogdan

*

Bogdan,

Na gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba.

"Ki gaishe ta"? Ƙafarka ce ta karye? Tun bikin Ista ba ka leƙo ɗakin nan ba.

Na murɗa, ban musa ba. Ni da bashin banki na ɗora farantaina, ba kamar kai da gadon matarka ba. Ni nake wanke ta, ni nake juya ta, ni nake kwashe fo. Ɗan abin da rufin nan yake kawowa shi kaɗai ne nawa a duniya, shi ma kana so in kashe don taka ta sake ta wala. Na gane ka sarai. Ranar da na kashe, duk layin ya zama naka, kuma ba za ka rage ko ɗis ba.

Sitabilaiza kuwa, uwarka ce kai ma. Kawo rabi, in kawo rabi.

Na so in kai ƙararka kamfani, sai na tuna in sun zo duba taka, tawa ma za su duba. Kai ma abin da ya hana ka ke nan, munafuki.

Yau injin ya ɗauke sau da yawa. Na buɗe taga, na yi mata fifita da kwali.

Danuta

*

Watan Yuni

'Ya'yana Danuta da Bogdan,

Ina gaishe ku da kyau. Guda biyu na rubuta iri ɗaya, kada wani ya ce an fi son wani. Ku yi haƙuri da rubutun, tsufa ne. Matar Fadan cocinmu... a'a, mai dafa wa Fada abinci, Pelagia, ita za ta kai ta Bogdan. Kun ga kan ma ya fara tafiya.

Ni ban san inbata ba. Abin da na sani, in hasken rana ya iso kan hoton bikinmu da babanku, to lokaci ya yi. Sai in gyara zama in jira. Injin ya yi kukansa ya yi shiru, ni kuma in ji kamar an ɗora mini buhun dankali a ƙirji. Tsoro nake ji, 'ya'yana. Ban taɓa gaya muku ina jin tsoro ba, yau na faɗa.

Duk rayuwata rana nake roƙo, saboda ciyawar shanu ta bushe. Yanzu kullum ina kallon mai faɗin yanayi a talabijin, in ya nuna hadari sai in ce Allah na gode. Ranar Talata da aka wuni ana ruwa har romon kaza na sha, na yi barci.

Ban ce ga mai laifi ba. Asibiti kuma ba zan koma ba, a gadon nan na haife ku. Ɗaya daga cikinku ya fara, ko wane ne, ni ba zan gaya wa ɗayan ba.

Allah ya yi muku albarka.

Mamanku,
Genowefa

*

Yaya,

Gaisuwa. Na san ke kika sa ta rubuta, amma shi ke nan. Zenek zai zo ya mayar da duka biyun rana ɗaya. Ni zan tsaya a kan taki, ke ki tsaya a kan tawa, kada a yi wa kowa wayo.

Sai dai ba Asabar ɗin nan ba. An ce za a yi mako guda ana rana tas, babu ko ɗigon gajimare, irin wadda ba a samu a shekara sai sau ɗaya. Asara ce a taɓa inji yanzu. Asabar ta sama. Ai Mama ta jure fiye da haka.

Bogdan

*

Bogdan,

Ni ma na ga abin da suka ce. Asabar ta sama ta yi. Kafin nan zan riƙa zama kusa da ita da rana.

Danuta

*

Bogdan,

Gaisuwa, da sannu da dawowa daga jana'izar Mama.

Ka tambaye ni a ƙofar coci ina nake lokacin da abin ya faru, ban amsa ba saboda mutane. Ina kan tsani ne, ina wanke farantan sola. Tattabaru sun ɓata su, ga rana irin wannan. Ban ji ƙarar injin ba. Da na sauko, fuskarta tana wajen taga.

Asibiti sun aiko an ɗauki injinsu. Ka gaya wa Zenek ba sai ya zo ba.

Rana ta yi kyau yau. Lokacin da ake saukar da akwatin na ga ka zaro waya ka duba abin da rufinka ya sayar. Kada ka damu, ba wanda ya lura sai ni, kuma ba zan faɗa ba. Ni ma na duba tawa.

Yayarka,
Danuta