Jitata Ba Dauɗa Ta Yi Ba

Legas, 9 ga Maris, 1985

Zuwa ga Inna, a Argungu,

Ina gaishe ki da kyau, ke da Yaya Tamba da su Baiwa. Yaya aikin fadama?

Hodi direban albasa ya kawo mani saƙonki, sabulun salo da soso, wai in wanke jitata don ya ce maki ta yi dauɗa. Inna, na yi dariya har da hawaye! Jitar bes ɗin nan mai kaurin murya da na baro gida da ita fara fat, shekara tara ce ta mai da ita ruwan man shanu. Haka fentinta yake, rana da hayaƙi da zufa ke rina shi, sabulu ba ya fid da shi. Inda hannuna ke kwanciya har icce ya bayyana. Makaɗan garin ga da sun gan ta sun san ba hannun ɗan koyo take ba. Wani ya kawo sabuwa dal mu yi musaya, na ƙiya, ko da yake wata biyu ke nan ba a kira mu wasa ba. Kada ki damu, ana taɓa abinci.

Sabulun kuwa ya zo a kan gaɓa. Ni na yi wanka da shi.

Ki sa mani albarka.

Ɗanki,
Kalilu