Baba, Na Sayi Motar Da Ba A Turawa

Zuwa ga mahaifina, direban kamiyo, babbar motar kaya, na Gare, tashar motar Parakou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'imarSa, ni ce Hajara, autarka. Shekara biyar ke nan da rasuwarka, yau kuma na zo da laifi a hannuna: na sayi mota, kuma otomatik ce, mai sauya giya da kanta.

Na san da kana nan da ka juya mini ƙeya. Kai ne ka koya mana tuƙi ni da Yaya Sani a filin bayan Gare, kana zaune a gefe da hularka a gwiwa. In na saki kuloci da gaggawa motar ta yi tsalle ta mutu, sai ka ce, "Dusuma, a hankali, Hajara, ambireyaji, kulocin nan, ba kan maciji ba ne." Kullum kana gaya mana da kunne ake sa giya. Ita kuwa otomatik motar malalata kake ce mata, kana ƙarawa da cewa motar da jama'a ba za su tura ta tashi ba, ba ta da amfani a hanyar ƙauye.

Akwai abin da ba ka gani ba. Shekara biyu bayan tafiyarka ciwon suga ya ci ƙafar Yaya ta hagu, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ƙafar kuloci ke nan, Baba. Mutumin da ya gaji kujerarka, wanda ya san kowane rami tsakanin Parakou da Djougou, ya dawo gidanmu na Djougou ya zauna a zaure. Shekara uku bai taka Gare ba. In abokansa direbobi sun zo gaishe shi, sai ya sa a ce barci yake. Ni ciwon bai ba ni tsoro kamar shirun nan nasa ba. Ina kallon yayana yana ƙarewa a zaune.

Da cinikin doya da man kaɗanya ya yi albarka na tashi sayen mota, wurin amininka Malam Idi makanike na je. Ya nuna mini guda biyu. Ya dafa mai giyar hannu ya jero mini halayenta: kayan gyaranta ko'ina akwai, kowane makanike ya san cikinta, in batir ya mutu a daji mutum huɗu sun isa su tashe ta. Duk gaskiya ya faɗa, kuma da muryarka nake jin maganar. Na leƙa ƙarƙashin sitiyarin ɗayar, na ga abin takawa biyu ne kawai, totur da birki, duk na ƙafar dama. Na ce ita nake so. Malam Idi ya dube ni, ya dubi ƙasa, bai tambaye ni dalili ba.

Da na kai ta gida Yaya ko tashi bai yi ba. Daga zaure ya hango ta ya ce ashe 'yar Baba ta koma layin malalata. Na ji zafi, amma na haɗiye. Wata guda ina ajiye makulli a tagar da ke kusa da shi, kamar mantuwa na yi, ko taɓawa bai yi ba.

Ranar da zan je Bariénou ɗaukar doya na yi masa ƙarya, Allah Ya yafe mini. Na ce injin yana wata ƙara da ban gane ba, ina son mai kunne ya raka ni. Ka san ɗanka, ba ya iya jin an ce inji yana kuka ya share. Ya ɗauki sandunansa ya shiga gefen fasinja yana ƙunƙuni.

Da yayyafi muka fita, na kunna fitila, na manta ban kashe ba. Muka gama lodi wajen azahar, na murɗa makulli, sai wani ɗan ƙas-ƙas, shi ke nan. Ka san mutanen Bariénou, ba sa jira a roƙe su. Kafin in buɗe baki manoma sun ajiye fartanya, masu babur sun sauka, har liman ya naɗe hannun riga. Ni kuma, da na san sarai ba a tura irin wannan motar, sai jiki ya rinjayi hankali. Na cire ta daga giya, suka tura, muka gangara kan jar ƙasar nan da doya a baya, suna ihu in saki kuloci, ƙafata ta hagu tana ta laluben kulocin da babu shi. Sau uku muka yi haka.

A na ukun ne na ji wata ƙara a gefena. Yaya ne yake dariya. Dariya har da hawaye, har da dukan cinya, irin wadda rabona da jin ta tun kana raye. Da ƙyar ya iya leƙa taga ya ce, "Jama'a ku yi haƙuri, ça suffit, ya isa haka, wannan ko Cotonou kuka kai ta ba za ta tashi ba."

Daga nan ya karɓi ragama. Ya aiki wani mai babur ya aro batirin tarakta, ya tsaya da sanda ɗaya yana nuna inda za a ɗaura waya. Sai ya ce in tashi, shi zai murɗa, don ya ji muryar injin da kyau. Ya zauna a kujerar direba, mota ta tashi, aka cire waya, aka rufe gaba. Bai fito ba. Na zagaya ɗaya gefen na zauna, ban yarda na dube shi ba.

Baba, da ka ga abin da na gani. Da muka hau kwalta bai juya Djougou ba, hanyar Parakou ya ɗauka. Duk inda muka zo hawa sai in ga guntun ƙafarsa ya motsa a cikin wando, hannunsa na dama ya tafi neman giya. Kuma daidai lokacin da hannun ya tashi, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba, sai motar ta sauya da kanta. Na ƙirga har na daina ƙirgawa. Abin da ka shekara talatin kana saurara da kunne, ka zuba a kunnen ɗanka, ashe wasu bayin Allah a wata ƙasa sun saurari irinsa sun zuba a cikin ƙarfe. Na yi ta tasbihi a raina, ina mamakin Wanda Ya sanar da mutum wannan, Ya kuma ajiye shi har ranar da ɗanka zai buƙace shi.

Da la'asar muka shiga Gare da doyar da ya kamata a sauke a Djougou. Direbobi suka miƙe ɗaya bayan ɗaya daga kan benci. Ba wanda ya yi masa jaje, ba wanda ya dubi ƙafar. Malam Idi ne ya taho yana goge hannu da tsumma, ya buga rufin motar ya ce, "Shofer, gyara fakin, ka tare hanya." Yaya ya gyara, da baya, a tashi ɗaya. Sannan ya kifa kansa a kan sitiyari, ni kuma na fita na ba shi wuri.

Maganarka tana nan daram, Baba, ba a tura ta, mutanen Bariénou shaida ne. Amma ka yafe mini, a kan malalata ban bi ka ba. Yanzu shi yake tashina da safe yana cewa na makarar da shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da Aljanna a kan kowace tafiya da ka kai mutane gida lafiya. Allah Ya tsare mana ƙafar da ta rage wa Yaya. Amin.

'Yarka da har yau take neman kuloci,
Hajara