Shinkafar Mutuwar Seeya

Litinin, 4 ga Maris

Wayyo ni Sewwandi. Seeya ya sa an jawo mana MOTAR GAWA gida. Baƙa, doguwa kamar kwale-kwale, gilas ta ko'ina. Wani gidan shirya jana'iza a Kurunegala ne zai yar da ita, kakan nawa wai ya ji tausayinta. Ta 1962 ce, ta girmi Ammi, mahaifiyata. Tsohuwar motar asibitin da ke bayan gidanmu, wadda kaji suke ƙwai a ciki, ba ta ishe shi ba.

Ammi ta ce wa mahaifin nata, "Tatta, ko ni ko ita a gidan nan." Ya ce, "Ita dai ba ta da surutu." Nan take ta kira mai sayen tsofaffin ƙarafa. Zai zo Asabar.

In ƙawata Dilki ta gani na shiga uku, sai duk ƙawayenmu sun ji.

Talata, 5 ga Maris

Motar ba ta tashi ba. Sai dai... wata bakwai ke nan tun rasuwar Acci, kakata, Seeya bai leƙa ko tsakar gida ba. Loma biyu ya ture kwano. Yau na ji shi yana waƙa a ƙarƙashin mota.

Laraba, 6 ga Maris

Har yanzu dariya nake.

Da safe Ammi ta sa aka tura motar waje, bakin ƙofa, ta jira Asabar a can. Muka tafi kasuwa. Da muka dawo da azahar, tun daga kwana fararen tutocin makoki, jere har ƙofarmu. Na ce wa Ammi wa ya rasu a layinmu ba a sa a gurup ɗin unguwa ba? Sai ga maƙwabciyarmu Anti Leela ta rungume ta tana kuka. Ashe mu ne.

Sun ga motar gawa a ƙofa, tsoho kuma an daɗe ba a gan shi ba, shi ke nan. Tunda ba a hura wuta a gidan mutuwa, kowa ya zo da tukunyarsa: shinkafa, miyar kabewa, busasshen kifi. Har kujerun roba an jera. Ammi ta ruga ɗakinsa, ba kowa. Nan fa ni ma na shiga ƙwala masa kira.

Sai ƙofar bayan motar ta buɗe daga ciki. Seeya ya sauko da sifana a hannu yana hamma. Ya shiga gyara fitilar rufi ne barci ya kwashe shi, labule a sake. Anti Leela ta yar da ludayi ta zauna a ƙasa daɓas.

Ya kalli tsohon abokinsa ya ce, "Piyadasa, wata bakwai ba ka leƙo ni ba, yau har da farar rigar makoki?"

Ankul Piyadasa ya ce, "Da na san ƙarya kake da ban yi guga ba."

Ya ja kujera ya ce a zubo masa shinkafar mutuwarsa. Kwano UKU. Ya ce, "Leela, gishiri bai ji ba. Ki gyara kafin ta gaskiyar."

Waya na hannuna fa, ban ɗauki komai ba. Haushi!

Alhamis, 7 ga Maris

Ammi ba ta magana da kowa. Ni na mayar da tukwane goma sha ɗaya.

Juma'a, 8 ga Maris

Tsofaffi huɗu sun zo turin motar, zannuwa a naɗe, kowa na zagin gwiwar ɗan'uwansa. Ta yi tari sau biyu ta mutu. Na shiga wani gurup na masu tara irin waɗannan motoci, ashe suna da yawa, har da wata likita a Kandy mai guda uku. Na sa hoto don Seeya ya matsa min ne kawai. Ta ce matsalar famfon mai ce, tana da ɗaya, kyauta.

Ban faɗa mata gobe za a yanka motar ba. Seeya kuwa ya daɗe yana goge gilas ɗin da ya riga ya goge.

Asabar, 9 ga Maris

Mai sayen ƙarafan ya zo da babbar mota da sarƙa. Seeya da Ankul Piyadasa na zaune a bayan motar gawar, ƙafafu na lilo, suna faɗa a kan gurasar roti ta ƙarshe. Ammi ta tsaya a ƙofa tana kallon bakin Seeya yana tauna. Ta daɗe.

Ta ce wa mutumin, "Zo ka sha shayi ka koma, mun wahalar da kai."

Ta juyo: "Tatta, a mayar da ita baya yanzun nan. In na ƙara ganin farar tuta a layin nan, ni da hannuna zan kwantar da ku biyun a ciki."

Ya ce, "To, ranki ya daɗe." Ta shige kicin da sauri tana share ido. Wai albasa ce.

Lahadi, 10 ga Maris

Ƙawaye sun tafi silima, na ce kaina ke ciwo. Baƙin mai ya ƙi fita daga farcena. Seeya ya ce ranar da motar ta tashi ni zan fara riƙe sitiyari.

Ni fa ba sonta nake ba. Fulogi na uku ne kawai yake damuna.