Fasfo Ɗina a Jakar Madam

Asabar, 19 ga Yuli, 1975
Karu. Gobe za mu kama hanya. Oga ya ɗauki hutu daga aikin titi, shi da Madam za su garinsu a Italiya, ni ce mai riƙe musu 'yarsu Lucy. Na kai 'yata Alice wurin Mama. Ta ce, "Magdalene, ki bar taki ki tafi rainon ta wasu?" Sati uku ne kawai.

Alhamis, 24 ga Yuli
Garin a kan dutse yake, teku a ƙasansa, ruwa har inda ido ya gaza. Mun hau tsohuwar ganuwa, ga bindigogin igwa masu tsatsa sun juya baki wajen ruwa. Lunguna matsattsu, wanki rataye a saman kai. Kowa kallona yake. Wata tsohuwa ta shafa hannuna, ta duba yatsanta.

Asabar, 26 ga Yuli
Bakin ruwa. Manya masu furfura kwance a rairayi kusan tsirara, kamar an shanya rogo. Ni da zanena a ƙarƙashin laima. Lucy ta ja ni sai da ruwa ya kai mini gwiwa. Ashe gishiri ne! Rairayin yana zamewa ƙarƙashin ƙafa, amma ban gudu ba.

Laraba, 30 ga Yuli
An yi juyin mulki a gida. Muna shan askirim a tashar kwale-kwale Oga ya gani a jarida. An rufe filin jirgi. Na tambaya ko an yi harbi, ya ce bai sani ba. Askirim ɗin ya narke a hannuna.

Juma'a, 1 ga Agusta
Tun safe suke gardama da yarensu, "Nijeriya" kawai nake tsinta. Daga baya Madam ta ce in kamfani bai koma ba, in zauna da su, Lucy ta saba da ni. Na ce, Alice fa? Ta ce, "Za a gani." Fasfo ɗina yana jakarta tun Kano. Ko hanyar tashar jirgin ƙasa ban sani ba.

Asabar, 2 ga Agusta
Kwale-kwale zuwa wani kogo. Ruwan ciki shuɗi kamar an zuba shuni. Su suna ta tafa hannu, ni amai sau biyu.

Lahadi, 3 ga Agusta
Babbar coci, ban gane kalma ɗaya ba, na yi addu'ata da yarenmu na Gbagyi. Da aka fito, a kan matakala, na ce, "Madam, a ba ni fasfo ɗina." Fuskarta ta yi ja, ta ce ba ki yarda da ni ba ne? Na ce nawa ne. Oga ya kalli ƙasa. Ta daɗe tana lalube kafin ta miƙo.

Laraba, 6 ga Agusta
Kamfani ya aiko waya a koma aiki. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Lahadi, 17 ga Agusta
Karu. Dawa ta fi ni tsayi. Alice ta ɓuya bayan Mama, sai da yamma ta yarda na ɗauke ta. Mama ta tambayi yadda ƙasar take, na ce ruwa ne kawai da duwatsu.

Jiya Madam ta yi zancen hutun baɗi, a hankali, ba ta kalli idona ba. Na ce sai in da Alice. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ban gaya wa Mama ba tukuna.