Rigar Yaya da Na Ƙone

Muciya, daren Litinin, damina ta 1976

Yaya Sani ya samu aiki! Dariya ta hana ni barci.

Tunda ya gama sakandare, kullum sai ya sa gogaggiyar rigarsa ya fita, don kada unguwa ta san zaman banza yake. Kowa ya ɗauka ma'aikaci ne, to wa zai kawo masa labarin aiki?

Ran Alhamis na ƙone rigar da dutsen guga, dole ya wuni a zaure. Maƙwabcinmu Baba Audu ya tambayi ko lafiya, ni kuwa na fasa ƙwai, na ce Yaya ba shi da aiki. Ya ce, "Haba Sani! Tun bara muke neman akawu a gonar gwaji ta Samaru."

Yau ya fara, da rigar aro. Har yanzu ba ya min magana. Ko a jikina!