Rabin Kofin Shayi

Shimkent, ƙasar Kazakistan
Nuwamba, 1998

Yaya Hanatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? An gama girbin gero a 'Yankuzo? Ki gaishe mini da 'yan ikilisiyar Tsafe da suka haɗa hannu suka turo ni.

Ina lafiya, kada ku damu. Sanyi ne dai ya farfasa mini leɓe, kuma har yanzu yarensu yana ba ni wuya.

Ni da Fasto Kim, abokin aikina ɗan Koriya, mun fara taron sujada a ɗakinmu. Lahadin farko maƙwabta suka zo. Na cika musu kofuna da shayi taf, yadda Inna take cika wa baƙo ƙwaryar fura. Suka kalli juna, suka shanye, suka tafi. Ba wanda ya sake leƙowa. Na ɗauka wa'azina ne bai yi musu ba.

Sai wata tsohuwa, Gulnar, ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ɗana, me muka yi maka da ka kore mu?" Ashe a nan rabi ake zuba wa baƙo, a yi ta ƙara masa don ya daɗe. In ka cika masa, ka sallame shi ke nan. Tun ranar nake tunanin sauran abubuwan da nake yi da zuciya ɗaya suna ganinsu daban.

Yanzu sun dawo. Ki aiko mini da yaji in an samu mai zuwa. Allah ya kiyaye ku. Amma kada Inna ta ji ɗanta yana zuba wa baƙi rabi.

Ƙaninki,
Sama'ila