Injin da ke Cikin Motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara, da ciwon bayan nan naka. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta ta sau biyu a tsaye a bakin shago, sannan na danne ta da gwangwanin ƙusa. Ka ce kada in kuskura in taɓa injin akori-kurar marigayi Baba, wai da shi aka ƙera ta, in aka canza shi ta tashi daga motar Baba. Ka ce za ka turo a jawo ta gidanka, a yi mata fenti irin na asali, a lulluɓe ta da tamfol, jikoki su riƙa gani.

To Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rabonka da shiga motar nan shekara nawa? Ni ce nake ɗura mata baƙin mai kamar mai zuba ruwa a kwando. Ni ta mace wa ranar Talata a tsakiyar gada, da tebura takwas a bayanta, direbobi suna ta zagina har da iyayena. Hayaƙinta kuwa, maƙwabciyarmu da ta ji na murza makulli sai ta fito da gudu ta kwashe shanya.

Bakanike ya duba, ya ce jikin injin ya tsage, ruwa yana haɗuwa da mai. Ya samo mini na dizal mai lafiya, daga wata motar da aka daka ta baya. Baba ya bar mana shagon kafinta da mota. Ka ce ba ka son ƙurar katako, na riƙe shagon. Yanzu in ka ɗauke motar, a ka zan riƙa dakon katako?

Ka kuma ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shekarata talatin da bakwai fa, Yaya, har furfura na cire jiya. Ranar Alhamis za a sauke injin, ba gudu ba ja da baya. In mai jan motarka ya zo zan ba shi ruwa mai sanyi, ya sha ya koma yadda ya zo.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa, ko da yake na ji ka gaya wa Inna ka cire hannunka daga lamarina. Hannunka ne, amma gaisuwa tawa ce. Ina fatan yara suna lafiya.

An sauke injin. Ba zan ɓoye maka ba, da na ga sarƙa ta ɗaga shi sama yana ɗigar da mai, sai da na juya baya na share ido. Ba kai kaɗai ke da uba ba.

Amma ga wani abu. Bakanike ya yafito ni, ya haska mini mazaunin injin. Yanke shi aka yi, aka sake masa walda da hannu, walda mai muni kamar ɗinkin ɗan koyo. A ƙarƙashin ƙafa ɗaya kuma an cusa guntun katako mai tauri don inji ya zauna daidai, an fere shi sumul, an goge gefensa. Yaya, na shekara goma sha biyar ina miƙa wa Baba kayan aiki, ko a mafarki na ga firarsa zan gane ta. Muka ɗauko takardun mota, lambar da ke rubuce daban, wadda ke jikin injin daban. Bakanike ya ce wannan ba ma na irin motar ba ne.

Na tambayi Inna. Ta dube ni, ta dubi bango, ta ce ta bar tukunya a wuta. Wallahi ba ta ɗora komai ba. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma ba zan ƙyale ta ba.

Taka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe da Anti. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Kwana uku ina bin Inna kafin ta buɗe baki. Ka tuna lokacin da kake shekara goma sha takwas, saura mako guda ka tafi makaranta, ka saci makulli ka kai abokanka yawo? Ka dawo mota tana tururi. Baba ya buɗe gabanta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce maka tiyo ne kawai ya fashe, ka je ka ci abinci. Ba tiyo ba ne, Yaya. Ka tuƙa ta babu ruwa har injin ya ƙone ƙurmus. Bayan tafiyarka Baba ya samo tsohon injin wata motar burodi, shi da mai walda suka yi ta fama har ya zauna. Ya sa Inna ta yi masa alkawari ba za ka ji ba, don kada ka tafi karatu da nauyi a zuciya.

Na yi ta juya maganar, in faɗa maka ko in bar kaza cikin gashinta. Da ka ƙyale ni da motata, da na tafi da maganar kabari. Amma ba zan zauna a raba ni da abincina saboda injin asali da babu shi tun ina aji uku ba. Ba don in kunyata ka na faɗa ba. Mutumin da ya rufa maka asiri shekara ashirin da bakwai da suka wuce bai tsaya tambayar asalin inji ba, so yake mota ta tashi da safe.

Ta kuwa tashi. Jiya na loda mata katako har sama, ta haye gangaren kasuwa ko tari ba ta yi ba. Fentinta yana nan yadda yake, da lotsawar ƙofa, da ramin da gwiwar hannun Baba ta yi a kujera. Guntun katakon yana wurina, kada ma ka tambaya.

Tsohon injin na yi masa akwati da hannuna. Ranar Asabar zan kawo maka shi har ƙofar gida, ka nemi ƙarti huɗu, yana da nauyi. In kana so ka zagaya unguwa da motar, zan ba ka makulli, amma ni zan duba ruwa.

Ƙanwarka da ba ta fushi da kai,
Auta